Wuƙar Tunau Mai Saƙar Kwando

An yi wani mutum, wani bawan Allah, can a ƙasar kudu, a wani gari da ke lafe a jikin dutse. Ba zan faɗa muku sunan garin ba, don na san halinku, gobe wani zai tare ni a ƙofar masallaci ya ce kakansa ɗan can ne, kuma ba haka aka yi ba. Abin ya daɗe ƙwarai. Ku dai ku matso ku saurara.

Garin nan, in kana ƙasa ka ɗaga kai, sai ka ce ba mai iya zama a wurin sai biri. Amma mutane ne a ciki, da gidajensu da awakinsu. Da safe gajimare kan sauko musu har ƙofar ɗaki. Gonakinsu a gangare suke, sun jera duwatsu sun tare ƙasa kada ruwa ya tafi da ita, suna noman acca da gwaza da rizga. Kuma ba sa ɗaukar kaya a ka irin namu, don wanda ya ɗora tulu a ka a wannan hanya, shi da tulun tare za su isa gindin dutse. Goya kaya suke yi a baya, cikin dogon kwando mai igiya, su rataya igiyar a goshi.

Saboda haka mazan garin kusan duk masu saƙar kwando ne. Gora suke sarowa a kurmin da ke saman gari, kowane gida da rabonsa. Su tsaga ta siri-siri da wata 'yar wuƙa mai lanƙwasa, su jiƙa a rafi, su saƙa. Ranar kasuwa fatake su hawo da gishiri da kanwa, a yi musaya.

To ga al'adarsu, ku riƙe ta da kyau. Jikin kwando duk iri ɗaya ne, amma baki, wurin da ake naɗe saƙa a rufe ta, kowane gida da irin ɗaurinsa, gado ne tun kaka da kakanni. Ka ga kwando a kasuwa, ka dubi bakinsa, ka san gidan da ya fito. Wanda ya ɗaura bakin gidan wani, a wurinsu ya fi ɓarawon akuya muni. Tara mutane ake yi a kan falalen dutse, a karɓi wuƙarsa a karya. Namiji kuwa a garin sau ɗaya ake ba shi wuƙa, ranar da ubansa ya miƙa masa tasa, kuma maƙeri ba ya ƙera wa wanda aka karya wa wuƙa wata. Ba wuƙa, ba shiga kurmi. Wanda ya rasa kurmi sai dai ya tattara iyalinsa ya gangara ya bar dutsen.

Bawan Allahn nan sunansa Tunau. Talaka ne, gidansa na gefen gari, bakin kwandonsa ba ado ba rini, fari sol yadda gora ta zo. Ba shi da yawan magana. Irin mutanen nan ne da in an yi taro an watse, ba mai tuna ko sun zo.

Yana da maƙwabci, Korau. Kada ku ɗauka Korau mugu ne, a'a. Yana salla, yana ciyar da iyalinsa, gwani ne a saƙa. Abu ɗaya ne da shi: ido. Korau ba ya ganin abu ya wuce. A hannun wani tsoho ya ƙware a sana'a, Baba Jatau, wanda bakin kwandonsa ya fi na kowa suna a dutsen, don shi kaɗai ne ke rina tsagin gora da karan dafi ya ɗaure baki da ja. Baba Jatau ɗa ɗaya gare shi, Ɗari, ya bi fatake ya gangara tun da daɗewa bai dawo ba. Daga tsohon sai matarsa Tabawa a gidan, ita ke kai masa kwanduna kasuwa.

Wata safiya ana jiƙa gora a rafi, Tunau ya miƙa hannu zai ɗauki damin tsaginsa, sai idon Korau ya sauka a kan yatsunsa. Ja ne a gindin farce, ja a tsakanin yatsu, irin jan da ba ya fita da wanki ɗaya.

Korau ya ce, "Maƙwabci, yanka ka yi ne?"

Tunau ya dubi hannunsa, ya yi sauri ya tsoma shi cikin ruwa. Ya ce, "A'a, ba komai."

"Na ga ja ne."

"Ba komai, Korau. Yaya mutanen gida?"

Shi ke nan fa. Maganar ba ta wuce haka ba. Amma Korau ya hawo gida da ita a ciki, ta hana shi jin daɗin kunun safe. Ya yi shekaru yana dafa wa Baba Jatau karan dafi da kanwa, ya san jan nan kamar yadda ya san sunansa. To me ya haɗa mai farin baki da karan dafi? Kuma in ba komai, don me ya ɓoye hannu?

Ya gaya wa matarsa Kande. Ta ce, "Maigida, ka rabu da mutumin nan. Wataƙila tabarma yake rina wa matarsa."

Ya ce, "Mai rina tabarma ba ya ɓoye hannu."

Ta ce, "To ni dai ban ga ruwanmu ba."

Ya ce, "Ke ai ba kya ganin komai."

Jama'a, ku ji yadda zargi ke girma. Ba ya zuwa da ƙato, ɗan mitsitsi yake shigowa, mai shi ne ke ciyar da shi. Daga ranar nan duk abin da Tunau ya yi sai ya zama shaida. In ya gai da Korau da fara'a, Korau ya ce a ransa, ga shi nan, neman rufe mini baki yake. In ya wuce bai tsaya ba, ya ce, ga shi nan, gudun haɗa ido yake. Shirun da aka san shi da shi tun yana yaro, yanzu ya koma shirun mai ɓoye abu. Har sallar da yake tsawaitawa, Korau ya fara cewa mai laifi ne ke daɗewa a sujada.

Sai ya fara sa ido a kan fitarsa. Ya lura da zarar an idar da sallar asuba, gari ya ɗan yi haske, Tunau kan ɗauki hanyar kurmi. Amma ba ya bin hanyar rabonsa. Hagu yake karkata, ta wajen rabon Baba Jatau. Kuma ba ya dawowa sai hantsi, hannu rabbana, ba gora ba kwando. Sannan ya zauna a ƙofar gida ya kama nasa aikin, yana hamma kamar wanda ya riga ya gaji.

Kai mai farar hula, na ga kana gyaɗa kai. Kai ma ka fara zarginsa, ko? Kada ka ji kunya, ni ma da ina wurin da na zarge shi.

Ran nan Korau ya ce yau sai ya ga ƙarshen abin. Ya bari Tunau ya yi nisa, ya bi shi a baya, yana laɓewa a bayan duwatsu, raɓa ta jiƙa masa wando har gwiwa. Ya ga Tunau ya shiga rabon Baba Jatau ya sari gora, ba gaggawa ba waiwaye, kamar gonar ubansa. Ya ga ya ja ta zuwa wani kogo da ke bayan kurmi. Korau ya lallaɓa ya leƙa.

Ga tukunyar karan dafi a kan murhu. Ga jan tsagi an shanya a kan dutse. Ga kwanduna a jingine, kowanne da jan baki. Ga kuma Tunau zaune, yana naɗe bakin wani, irin naɗin Baba Jatau sak, har da 'yar murɗar da tsohon ke yi a ƙarshe.

Korau ya faɗa ciki ya ce, "Tunau! Ashe kai ne?"

Tunau ya zabura, kwando ya suɓuce masa. Ya dubi Korau, ya dubi bakin kogo, ya ce, "Kai kaɗai ne?"

"Ni kaɗai ne, amma Allah na gani. Bakin wa kake ɗaurawa?"

"Ka san na wanda yake."

"Gorar wa ka sara?"

Tunau ya ɗauki kwandon da ya faɗi ya jingine. Can ya ce, "Korau, don Allah ka bar maganar nan a nan. Wallahi ban ci haƙƙin kowa ba."

"Ba ka ci haƙƙin kowa ba? Tsoho na can ɗansa ya tafi ya bar shi, kai kuma kana nan kana sace masa gora, kana sace masa suna! Wa kake sayar wa? Fatake kake tara a hanya kafin su iso kasuwa?"

"Ban sayar wa kowa ba."

"To na mene ne?"

"Ba zan iya faɗa maka ba."

Ku faɗa mini gaskiya, jama'a, wace amsa ce ta fi wannan kama da ta ɓarawo? Korau ya fizgi kwando ɗaya ya rataya, ya fita. Tunau ya biyo shi har bakin kogo yana cewa, "Ka yi mini duk abin da ka ga dama, amma kada ka tara mutane." Korau ko waiwayowa bai yi ba.

Bai wuce gida ba, sai gidan Baba Jatau. Ya ɓoye kwandon a bayan danga, ya yi sallama. Tabawa ta fito ta ce tsohon na ɗaki, sanyi ya dame shi. Korau ya durƙusa a bakin ƙofa yadda ya saba. Ɗakin da duhu-duhu, yana dai hango tsohon zaune, ya lulluɓa da bargo har wuya, ga wani kwando da ba a gama ba a gefensa.

"Baba, ina kwana? Yaya sanyi?"

"Lafiya lau, yarona. Aiki ya ɓoye ka."

"Wallahi kuwa, Baba. Wata tambaya ce ta kawo ni. Akwai wanda ka ba izinin ya ɗaura bakin gidan nan?"

Tsohon ya ɗago kai ya dube shi. Sannan ya ce, da wata murya mai kaifi, "Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa, Baba."

"Ba wanda na ba. Da hannuna nake aikina. Wa ya ce ba da hannuna nake yi ba?"

"Ba wanda ya ce, Baba. Kwantar da hankalinka. Ina nan, ba mai taɓa sunanka."

Ya tashi ransa fes. Bai ambaci Tunau ba, don yana so sai an gama komai tsohon ya ji, ya san ba a banza ya koyar da shi ba. Ya lura muryar tsohon ta canja, amma ya ce fushin jin an taɓa gadonsa ne. Mai zargi ko me ya gani, sai ya juya shi ya dace da abin da ya riga ya yanke.

Daga nan sai wurin Sarkin Gora, dattijon da ke kula da kurmi da shari'ar masu saƙa. Korau ya ajiye kwando a gabansa ya zayyana komai. Sarkin Gora ya juya kwandon, ya shafa bakin, ya ce, "A kira Jatau."

Korau ya ce, "Ranka ya daɗe, daga wurinsa nake. Da bakinsa ya ce bai ba kowa izini ba. Ga shi ba shi da lafiya, kada a tayar masa da hankali."

Aka ce to, a bar tsoho ya huta.

Washegari da hantsi aka buga ganga, maza suka taru a kan falalen dutse, mata suka tsaya daga nesa. Aka kawo Tunau, aka ɗebo kwandunan kogo aka jera. Nan fa kowa ya tuno abin da ya taɓa gani. Wannan ya ce dama shi tun tuni bai yarda da shirun mutumin nan ba. Wancan ya ce bara gorarsa ta ragu, yanzu ya gane. Wani ma ya ce akuyarsa da ta ɓace, a tambayi Tunau. Mutumin da jiya ba mai tuna ko ya zo taro, yau kowa ya zama masanin halinsa.

Sarkin Gora ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce, "Tunau, kai ka ɗaura bakin nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"A rabon Jatau ka sari gora?"

"A nan na sara."

"Ka san hukuncin?"

"Na sani."

"To kana da abin faɗa? Ka yi magana, Tunau. Na san ubanka, mutumin kirki ne. Kana da mata, kana da 'ya'ya ƙanana. In akwai dalili, yanzu ne lokacinsa."

Korau na kallonsa. Ya ga leɓensa na motsi, ya ga ya ɗaga kai ya dubi wajen da matarsa ke tsaye da goyo. Sannan Tunau ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba ni da abin faɗa, ranka ya daɗe."

A al'adarsu wanda ya kawo ƙara shi ke karyawa. Tunau ya kwance wuƙar daga ɗamararsa, ƙotarta ta yi santsi don daɗewa a hannun ubansa, ya miƙa da hannu biyu. Korau ya karɓa. A lokacin wani abu ya ɗan taɓa zuciyarsa, don bai taɓa ganin ɓarawo ya miƙa wuya haka ba faɗa ba rantsuwa. Amma mutane na kallo, kuma ya riga ya yi nisa. Ya cusa bakin wuƙar a tsagar dutse, ya danna da ƙarfi. Ji kake ƙas! Matar Tunau ta fasa kuka. Shi kuwa Tunau ya tsugunna ya tsince guntayen ya zuba a aljihu.

Ana shirin watsewa sai aka ji muryar mace daga sama tana cewa, "Ku dakata! Don Allah ku dakata!"

Tabawa ce. A rafi ta ji mata na maganar, ta yar da tulu ta ruga gida. Ga ta nan tana gangarowa, tsohon na rataye a kafaɗarta, yana jan ƙafa, bargonsa na jan ƙasa. Mutane suka dare suka ba su hanya. Baba Jatau ya tsaya yana haki, ya ce, "An karya?"

Ya dubi tsagar dutse ya ga ɓurɓushin ƙarfe. Ya ce, "Korau, zo nan."

Korau ya matso ya durƙusa.

"Kusa. Ɗaga bargon nan. Riƙe hannuna."

Korau ya ɗaga bargo ya kama hannuwan maigidansa. Yatsun sun kumbura a gaɓa, sun lanƙwashe sun ƙandare kamar ƙafar kaza, sai karkarwa suke yi. Wannan hannu ko cokali ba zai riƙe ba, balle wuƙa.

To yanzu ga abin da na ɓoye muku, kuma da gangan na ɓoye, don ku ɗanɗani abin da Korau ya ɗanɗana. A garin nan, in hannun mutum ya gaza, kuma ba shi da ɗa a kusa da zai karɓi wuƙa, rufe bakin gidan ake yi har abada, a raba rabonsa na kurmi. Baba Jatau jiran Ɗari yake. So yake in yaron ya dawo ya tarar da gadon gidansu a raye.

Tsohon ya ɗaga murya ya ce, "Tun damina waccan ban ɗaura bakin kwando ko ɗaya ba. Duk kwandon da kuka ga Tabawa ta kai kasuwa, wannan bawan Allah ne ya saƙa. Ita ke zuwa kogo ta kwaso a ƙarƙashin itacen girki. Da shi muke ci, da shi muke sha. Ko ƙwayar gishiri bai taɓa karɓa ba. Ban roƙe shi ba. Gaishe ni ya zo yi, ya shigo har cikin ɗaki, ya tarar wuƙa na faɗuwa daga hannuna ina kuka. Bai tambaye ni komai ba, ya zauna ya ƙarasa kwandon. Na ce ya rufa mini asiri, ya ce ya rufa."

Ya juyo wajen Korau. "Kai kuma, yarona, jiya da ka zo, na ɗauka an gano ni ne an aiko ka. Tsoro ya kama ni na yi maka ƙarya, Allah ya yafe mini. Amma da ka shigo ciki ka zauna kusa da ni, ko sau ɗaya a duk tsawon nan, da ka gani. Kullum daga ƙofa kake gaishe ni."

Korau ya sunkuyar da kai. Baƙin ciki da kunya suka rufe shi, ya ji da ma dutsen ya tsage ya shige. Masu maganar gora da akuya kuwa kowa ya dubi ƙasa.

Kun san abin da Tunau ya ce? Ku saurara da kyau, don saboda wannan kalma na kawo muku labarin. Ya matso kusa da tsohon, hawaye na zuba, ya ce, "Baba, don me ka fito? Ai an riga an gama. Da ka yi zamanka, da ba wanda ya sani."

Allahu Akbar! An karya masa wuƙa, an kore shi daga abincinsa, amma abin da ke sa shi kuka shi ne asirin tsoho ya tonu.

Sarkin Gora ya dubi jama'a. Sannan ya ce, "Mun yi zalunci. Amma abin da aka karya ya karye, kuma maƙeri ba zai ƙera wata ba. Ni ban isa in canja wannan ba."

Baba Jatau ya ce, "Al'ada ta hana uba ya miƙa wa ɗansa wuƙa?"

"Ba ta hana ba."

"Tabawa, kwance mini wuƙata."

Tsohuwar ta dube shi, don ta san abin da hakan ke nufi. Wuƙar da suka yi shekaru suna ajiye wa Ɗari ce. Ta kwance tana kuka, ta ɗora masa a tafin hannu, ta tallafe hannun da nata don kada ta faɗi. Tsohon ya ce, "Ku shaida, ga ɗana. Wuƙa tasa, baki nasa, rabon kurmi nasa."

Tunau ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Na karɓa, Baba, amma ajiya ce. Zan yi aiki da ita in ciyar da gidanka da nawa. Ranar da Ɗari ya hawo dutsen nan, wuƙarsa na jiransa."

Sarkin Gora ya ce, "In ka mayar masa, kai kuma fa? Ka san ba za ka sami wata ba."

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya ciyar da ni jiya yana nan."

Ko Ɗari ya dawo ko bai dawo ba, wanda ya ba ni labarin bai faɗa mini ba, ni kuma ba zan ƙara abin da ban ji ba. Abin da na ji shi ne Korau ya bi Tunau har gida ya faɗi a gabansa yana neman gafara, Tunau ya ɗago shi ya ce, "Ai don kishin Baba ka yi, na yafe." Ya yafe kuwa har zuciya. Amma wuƙar da ubansa ya bar masa ba ta sake haɗuwa ba, kuma Korau ya rayu ya tsufa yana sane da hannun da ya karya ta.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Korau bai yi ƙarya ba. Duk abin da ya ce ya gani, ya gani. Idonsa bai yaudare shi ba, zuciyarsa ce ta yi wa abin fassara. Don haka ne Allah ya hane mu da yawan zato, ya hane mu da bin diddigin juna. Kana iya ganin gaskiya da idonka, ka haɗa ta ka gina zalunci. Kuma akwai bayin Allah a cikinmu da ba za su taɓa wanke kansu ba, don wanke kansu tonon asirin wani ne. Shirunsu ba laifi ba ne, amana ce suke riƙe da ita.

A unguwar nan tamu akwai wanda kuke cewa ba ku gane shige da ficensa ba. Akwai wadda kuke cewa ina take zuwa kullum da kwano a lulluɓe. Kun tabbata kun sani? In ba ku tabbata ba, ku kame bakinku, don suna in ya karye ba mai ɗora shi.

Sannan kowannenmu yana da nasa tsohon. Uba ne, ko gwaggo, ko malamin da ya koya maka karatu, ko maigidan da ya koya maka sana'ar da kake ci da ita yau. Yaushe rabonka da shi? Ba gaisuwar bakin ƙofa nake nufi ba, kana tsaye ƙafa ɗaya a waje. Ƙarfin da kake kashewa wajen leƙen maƙwabci, kai shi can. In mun tashi daga nan, kafin ka wuce kasuwa, je ka ka cire takalmi, ka shiga har ciki, ka zauna kusa da shi, ka kama hannunsa ka duba.

Allah ya rufa mana asiri, ya sa mu zama masu rufa na wasu, ya tsare mu da zaluntar bayinsa da zato. Ku tashi mu yi salla.